Na'ura Ba Ta Zuwa Kotu: Fashin Baƙi Kan Doka, Intanet da Ɗan Kasuwa

A watan Maris na 2021, wani mai sayen amfanin gona a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada ya rubuta takardar ciniki, ya sa mata hannu, ya ɗauki hotonta da waya, ya tura wa wani manomi da suka daɗe suna hulɗa. A ƙasan hoton ya nemi manomin ya tabbatar da cinikin. Manomin bai rubuta ko harafi ɗaya ba, ya dai mayar masa da ɗan hoton nan na babban yatsa a ɗage. Kayan sun haura tan 80, kuma a watan Nuwamba za a kawo su. Kafin Nuwamba farashi ya tashi, kaya kuwa shiru. Da aka je gaban alƙali, manomin ya ce shi da yatsan nan "na ga saƙo" kawai yake nufi. Alƙali ya waiwayi tsofaffin saƙonninsu, ya tarar a cinikin baya ma da 'yan gajerun kalmomi irin su "to" da "ya yi" manomin yake amsawa, kuma duk lokacin yana kawo kaya. A 2023 kotu ta yanke cewa yatsan amincewa ne, ya kuma wadatar a madadin sa hannu. Aka umarci kamfanin manomin ya biya diyyar da ta haura dalar Kanada 82,000.

Da yawa daga cikin masu kasuwanci suna jin cewa abin da ya faru a fuskar waya bai kai nauyin abin da aka rubuta da biro ba. Doka ta daɗe da barin wannan tunani. Tun 1996 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin cinikayya tsakanin ƙasashe, UNCITRAL, ta fitar da samfurin doka kan cinikin da ake ƙullawa ta na'ura, ƙasashe masu yawa kuma suka gina nasu dokokin a kansa. Ginshiƙinsa mai sauƙi ne: ba a ƙin karɓar saƙo ko yarjejeniya don kawai ta na'ura suka zo. Amurka ta yi dokar sa hannu ta na'ura a 2000, Tarayyar Turai ta fitar da tsarinta a 2014. Akwai 'yan abubuwan da ƙasashe da dama suka keɓe, kamar wasiyya da wasu takardun iyali, amma cinikin yau da kullum, saƙon imel ko na waya ya isa ya ɗaure mutum.

Duk shari'ar da mutum zai duba a wannan fage, zai ga alƙali yana leƙa bayan na'urar ne yana neman wanda ya kunna ta. Manhaja ba ta da asusun banki, ba a kai mata sammaci. Alhakin yana komawa kan mai kasuwancin, ko da bai san lokacin da ya ɗauke shi ba. Wannan shi ne zaren da nake so mai karatu ya riƙe.

Mu fara da sharuɗɗan da kamfanoni ke liƙawa a shafukansu. Kowa yana da su, kaɗan ne suka san ba kowane irin liƙi kotu ke karɓa ba. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta duba ƙarar da aka shigar da kamfanin Netscape. Mutane sun sauke wata manhajarsa kyauta, sharuɗɗan kuwa suna can ƙasan shafi, sai an gangara kafin a ga alamarsu. Alƙaliyar da ta rubuta hukuncin, Sonia Sotomayor, wadda daga baya ta zama alƙaliyar Kotun Ƙolin Amurka, ta ce ba za a ɗaure mutum da sharaɗin da ba a nuna masa a fili ba. Tun daga nan bambancin ya fito: sharaɗin da aka ajiye a gaban mai saye ya danna "na amince" yana da ƙarfi, wanda aka ɓoye a lungu kuwa sau da yawa ba ya tsayawa. Ko an danna ɗin ma, dokar kare masu saye tana iya soke sharaɗin zalunci. A Tarayyar Turai wanda ya sayi yawancin kaya ta intanet yana da kwana 14 da zai iya fasawa ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma babu rubutun da mai shago zai yi ya ƙwace masa wannan haƙƙin.

Sai batun na'urar da ke magana da yawun kamfani. A 2022 kakar wani mutum ta rasu, ya shiga shafin kamfanin jiragen sama na Air Canada yana neman tikitin zuwa jana'iza. Manhajar hira da ke shafin ta gaya masa ya sayi tikiti a cikakken farashi, daga baya cikin kwana 90 ya nemi ragin da ake yi wa masu makoki. Ya yi yadda aka ce. Da ya nemi ragin sai aka ce ƙa'idar kamfani ba ta yarda a nema bayan an yi tafiya ba. A gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, kamfanin ya yi ƙoƙarin raba kansa da abin da manhajar ta faɗa. A Fabrairun 2024 kotun ta ƙi: manhajar wani yanki ce na shafin kamfanin, kuma kamfani ne ke da alhakin duk abin da ke shafinsa. Kuɗin da aka biya bai kai dalar Kanada 1,000 ba, amma darasin ya fi kuɗin nesa ba kusa ba. Wanda ya ajiye ɗan aike a ƙofar shagonsa, maganar ɗan aiken tasa ce, mutum ne ko na'ura.

Kotun wace ƙasa?

Shagon da ke bakin titi dokar gari ɗaya ya sani. Shafin intanet kuwa daga ranar da aka buɗe shi yana iya bayyana a ƙasa fiye da 100 lokaci guda, kuma kowacce tana da abin da ta haramta. A 2000 wasu ƙungiyoyi a Faransa suka kai kamfanin Yahoo ƙara saboda ana gwanjon kayan tarihin 'yan Nazi a shafinsa na Amurka, abin da dokar Faransa ta hana baje-kolinsa. Yahoo ya ce shi kamfanin Amurka ne, na'urorinsa suna Amurka, kuma a can ba laifi ba ne. Alƙalin birnin Faris ya umarce shi ya toshe wa mazauna Faransa hanyar ganin kayan. A farkon 2001 kamfanin ya cire yawancin irin waɗannan kaya daga gwanjonsa. Bayan haka, a 2002, kotu mafi girma a Ostareliya ta saurari ƙarar ɗan kasuwa Joseph Gutnick da kamfanin Dow Jones kan wani rubutu da ya ce ya ɓata masa suna. An ɗora rubutun ne a kwamfutocin da ke jihar New Jersey ta Amurka, amma kotun ta ce ɓata suna yana faruwa ne a inda aka karanta, don haka ana iya yin shari'ar a jihar Victoria inda mutumin yake zaune.

Kada wannan ya sa ƙaramin ɗan kasuwa ya ɗauka kotunan duniya duka suna jiransa. Abin da hukumomi suka fi dubawa shi ne wa ka nufa da kasuwancinka. Idan kana rubuta farashi da kuɗin wata ƙasa, kana talla da harshen mutanenta, kana aika musu kaya, to ka shiga kasuwarsu, dokarsu kuma ta hau kanka. Haraji ma sawun nan ya bi. Tun 2015 Tarayyar Turai take karɓar harajin saye kan hidimomin intanet a ƙasar mai saye, kuma a 2018 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar jihar South Dakota da kamfanin Wayfair, ta ba jihohi damar tilasta wa mai sayarwa ta intanet ya karɓar musu haraji ko da ba shi da ko rumfa a jihar.

Bayanan mutane ajiya ce

Nan ne na fi so a tsaya, domin nan ne na ga an fi yin sakaci, kuma nan ne wanda bai ji ba bai gani ba yake cutuwa. Duk kasuwancin da ke karɓar oda ta waya yana tara sunaye, lambobi, adireshin gida, wani lokaci hoton katin shaida ko bayanin rashin lafiya. Mai kasuwancin yana kallon wannan jeri a matsayin dukiyarsa, tunda shi ya sha wahalar tara shi. Dokokin zamani suna kallonsa a matsayin ajiya: masu bayanan suna nan da haƙƙinsu, kai an ba ka riƙo ne don wata buƙata da aka ambata.

Dokar da ta fi tasiri a nan ita ce ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Abin da take nema, idan aka cire yaren lauyoyi, ba ya da wuyar fahimta. Kafin ka karɓi bayanin mutum sai kana da hujjar da doka ta yarda da ita. Izininsa hujja ce, amma ɗaya ce daga cikin shida. Cika cinikin da kuka ƙulla ma hujja ce, haka umarnin doka. Ka gaya masa abin da za ka yi da bayanin. Kada ka karɓi fiye da buƙata, kada ka riƙe bayan buƙatar ta wuce. Lambar da aka ba ka don a kawo kaya ba lasisin cika wa mutum waya da talla ba ne, balle a sayar da ita ga wani. Mai bayanin yana da ikon tambayar abin da ka sani game da shi, ya sa a gyara kuskure, a wasu lokuta ya sa a goge. Tarar mafi girma tana kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duniya baki ɗaya, duk wanda ya fi yawa. Dokar kuma tana bin kamfanin da ke wajen Turai muddin yana tallata hajarsa ga mutanen da ke cikinta ko yana bibiyar abin da suke yi a intanet.

Ba Turai kaɗai ba ce. Jihar Kalifoniya ta yi tata dokar a 2018, haka Burazil. Kenya a 2019, Sin a 2021, Indiya da Najeriya a 2023. Sun bambanta a wurare da yawa, amma ƙashin bayansu kusan ɗaya ne, wanda ya fahimci guda ba zai ɓata a sauran ba.

Akwai wani lungu na wannan doka da ke ba manyan kamfanoni ma ciwon kai, wato fitar da bayanai daga ƙasa zuwa ƙasa. Wani ɗan Ostiriya mai fafutukar kare sirri, Max Schrems, ya yi ƙorafin cewa bayanan Turawa da Facebook ke kaiwa Amurka ba su tsira daga leƙen hukumomin tsaron can ba. Sanadin ƙorafinsa Kotun Tarayyar Turai ta rushe yarjejeniyar musayar bayanai tsakanin ɓangarorin biyu har sau biyu, a 2015 da 2020. A Mayun 2023 hukumar kare bayanai ta Ayaland ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar yuro biliyan 1.2 kan wannan batu. Me ya haɗa ƙaramin kamfani da wannan? Duk wanda ke ajiye jerin abokan cinikinsa a ma'ajiyar intanet ta haya, ko yake aika saƙonnin talla ta wata manhaja, mai yiwuwa bayanan sun riga sun tsallake iyaka bai sani ba. A idon doka shi ne mai iko da bayanan, kamfanin ma'ajiyar mai yi masa aiki ne kawai. Idan hukuma ta zo da tambaya, ƙofarsa za ta fara ƙwanƙwasawa.

Ma'aikata ma suna cikin masu wannan haƙƙi, abin da shugabanni kan manta. A 2017 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ba wani injiniya ɗan Romaniya gaskiya bayan an kore shi daga aiki saboda saƙonnin da ya aika wa ɗan'uwansa da wadda zai aura ta asusun hira na ofis. Kotun ba ta hana sa ido a kan kayan aiki ba, ta ce dai wajibi ne a sanar da ma'aikaci tun farko irin sa idon da za a yi da iyakarsa. A 2020 kuma hukumar birnin Hambog a Jamus ta ci kamfanin tufafi na H&M tarar da ta haura yuro miliyan 35 saboda wasu shugabanni suna rubuta bayanan rashin lafiya, matsalolin iyali da addinin ma'aikata suna adanawa.

Ranar da aka yi kutse

Wanda ɓarayi suka fasa wa shago, tausaya masa ake yi. Wanda 'yan kutse suka shiga kwamfutarsa kuwa yana iya zama wanda aka zalunta kuma wanda ake tuhuma a rana ɗaya, domin abin da aka sace ba nasa ba ne. Doka ba ta ce lallai sai ka gagari kowane ɓarawo ba, tana tambaya ne ko ka yi abin da mai hankali zai yi gwargwadon nauyin abin da ke hannunka.

Labarin Equifax, kamfanin Amurka mai tattara tarihin bashin mutane, ya nuna inda layin yake. A Maris na 2017 aka gano wata ɓaraka a manhajar Apache Struts da kamfanin ke amfani da ita, masu kula da ita kuma suka fitar da faci nan take. Equifax bai liƙa facin a wani sashe na na'urorinsa ba. A watan Mayu 'yan kutse suka shiga ta wannan ɓaraka, suka yi ta kwasa har ƙarshen Yuli kafin a farga, jama'a kuwa ba su ji labari ba sai Satumba. Bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita. A 2019 kamfanin ya amince da sulhun da zai iya kaiwa dala miliyan 700. Ba ƙwarewar ɓarayin ce ta ja masa wannan ba, ƙofar da aka ce ya rufe ya bari a buɗe ce. Kamfanin Target mai manyan shaguna a Amurka kuma, a 2013, ta hannun wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri aka shigo masa, aka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40. Duk wanda ka ba mabuɗin gidanka, rauninsa ya zama naka.

Bayan kutse agogo yake fara bugawa. A ƙarƙashin GDPR, awa 72 kamfani yake da su daga lokacin da ya farga ya sanar da hukuma, in dai abin zai iya cutar da mutane, kuma idan haɗarin babba ne sai ya sanar da su kansu. Awa 72 ba ta isa a fara neman lambar lauya da ta masanin kwamfuta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɓoyewa kuwa ta fi kutsen muni: tsohon shugaban tsaron bayanai na kamfanin Uber, kotun Amurka ta same shi da laifi a 2022 saboda rufa-rufar da aka yi kan kutsen 2016, inda aka biya 'yan kutsen dala 100,000 aka ɓoye wa hukumar da ke binciken kamfanin a lokacin.

To idan laifin na wanda ka ɗauka haya ne fa? Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka tsaya cak. Filayen jirgi, asibitoci da bankuna suka rikice. Kamfanin jirage na Delta ya soke tashi kusan 7,000, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500, ya kuma shigar da ƙara. Lauyoyin CrowdStrike suka nuna cewa kwangilar da ke tsakaninsu ta ƙayyade diyya a ƙasa da dala miliyan 10. Irin wannan sharaɗi yana cikin kusan kowace kwangilar manhaja da ma'ajiyar intanet, sau da yawa diyyar ba ta wuce kuɗin hayar da ka biya a shekara ba. Abin da ke damuna a nan shi ne rashin daidaito. Delta yana da ƙarfin ja da kowa a kotu. Mai ƙaramin kamfani kuwa an miƙo masa takarda ce, ko ya danna ko ya haƙura, alhali a gaban abokan cinikinsa shi zai amsa. Abin da ya rage masa shi ne ya san abin da ya sa wa hannu: nawa ne iyakar diyya, a kotun wace ƙasa za a yi shari'a, kuma idan an rabu ta yaya zai karɓi bayanansa. Sannan ya ajiye kwafi a wani wuri dabam. A Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, wasu da ba su da kwafi a wani wuri suka rasa bayanansu har abada.

Inshora ma sai an karanta. Bayan harin NotPetya na 2017, wata manhajar ɓarna da ta lalata kwamfutoci a ƙasashe da dama, wanda Amurka da Birtaniya suka ɗora wa sojojin Rasha, kamfanin magunguna na Merck ya nemi diyyar asarar kusan dala biliyan 1.4. Kamfanonin inshora suka ce ai wannan yaƙi ne, kuma takardar ta cire asarar yaƙi. Kotunan jihar New Jersey sun ba Merck gaskiya, amma sai a farkon 2024 aka rufe maganar da sulhu, bayan shekara shida da ɗoriya.

Akwai kuma damfarar da ba ta buƙatar fasa komai. Ka ɗauka kai ne mai biyan kuɗi a kamfani. Saƙon imel ya shigo daga mai kawo muku kaya, da tambarinsa, da irin gaisuwar da ya saba, har da lambar takardar kuɗin da kuke shirin biya. Yana cewa sun sauya banki, ga sabon asusu. Ka tura. Bayan mako uku ainihin mai kayan ya bugo yana tambayar kuɗinsa. Ka koma ka ƙura wa adireshin ido, sai ka ga inda ya kamata a ga harafin "m" an jera "r" da "n" ne, suka haɗu suka yi kama da shi. Kada kowa ya ce wannan sai sakarai. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani mai suna irin na Quanta Computer na Taiwan, wanda ke sayar wa Google da Facebook kayan kwamfuta, ya riƙa aika takardun kuɗi na bogi, ya karɓi fiye da dala miliyan 100 daga Google da Facebook. A 2019 aka ɗaure shi shekara 5. Tambayar doka a nan mai ɗaci ce: mutum biyu masu gaskiya, wa zai ɗauki asara? Wanda ya biya ɓarawo bai biya bashinsa ba, wannan shi ne asali. Amma idan ta akwatin imel ɗin mai kayan aka shiga saboda sakacinsa, kotuna da dama sukan duba wanda ya fi samun damar hana abin faruwa. Kiran waya ɗaya zuwa lambar da aka sani tun da, kafin a tura kuɗi sabon asusu, yana raba wannan gardama tun ba ta taso ba.

Na wane ne?

Hoton da ke intanet yana da mai shi. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an ƙirƙiri aiki, ba sai an yi rajista ko an sa wata alama ba. Ɗauko hoto daga sakamakon bincike a sa a talla kuskure ne da ake yi kullum. Wanda ya fi shi ɓoyuwa shi ne na aikin da ka biya aka yi maka. A ƙasashe da yawa, ciki har da Amurka da Birtaniya, idan wanda ya zana maka tambari ko ya rubuta maka manhaja ɗan kwangila ne ba ma'aikacinka ba, haƙƙin mallakar yana hannunsa har sai ya miƙa maka a rubuce. Biyan kuɗi kaɗai bai wadatar ba. Haka sunan shafi: sau da yawa mai gina shafin yakan yi rajistarsa da sunansa don sauƙi, ranar da aka saɓa sai mai kasuwanci ya tarar adireshin da abokan cinikinsa suka sani ba nasa ba ne. Idan wani bare ne ya riga ka kama sunan don ya sayar maka da tsada, akwai tsarin sasanci da hukumar ICANN mai kula da sunayen shafukan intanet ta kafa a 1999, amma sai ka nuna abu uku: sunan ya yi kama da alamar kasuwancinka, wancan ba shi da wani haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ya yi rajistarsa yake amfani da shi.

Abin da baƙi suka rubuta a shafinka kuma ya danganta da ƙasa. Wata dokar Amurka ta 1996, a sashenta na 230, ta kare mai shafi daga yawancin ƙararraki kan maganar da wani ya ɗora. Turai ta ɗaura kariyar da sharaɗi: da zarar an sanar da kai haramtaccen abu, ka cire da gaggawa. A Ostareliya, a 2021, kotu mafi girma ta ce kafofin yaɗa labarai da suka buɗe shafi a Facebook suna cikin masu wallafa sharhin da mabiyansu suka rubuta a ƙasa.

Ƙirƙirarriyar basira ta zo ta ƙara wa waɗannan tambayoyi nauyi. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka, da kotunan da suka duba batun, sun tsaya a kan cewa aikin da na'ura ta samar ita kaɗai ba shi da kariya, ma'ana tambarin da manhaja ta zana maka kana iya rasa hujjar haƙƙin mallaka a kan wanda ya kwafe shi. Jaridar New York Times ta kai OpenAI, mai manhajar ChatGPT, da Microsoft ƙara a Disambar 2023 kan amfani da rubuce-rubucenta wajen horar da manhaja. Kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a 2023 bayan wasu sun zuba bayanan sirrin kamfani a ciki. A shekarar ce kuma wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙago, ba su bincika ba. Alƙalin bai ce amfani da manhajar laifi ne ba. Sa hannunsu ne a kan takardar, su aka kama.

Saura batun hujja, wanda ba a tuna shi sai rigima ta taso. Hoton allo shi kaɗai yana da rauni, domin ana iya haɗa na ƙarya cikin minti biyu. Abin da ke tsayawa a kotu shi ne asalin saƙon da bayanan da ke tare da shi: daga ina ya fito, yaushe, ta wane asusu. Kamfanin da ke sauya sharuɗɗan shafinsa yana buƙatar ajiye kowane tsohon kwafi da ranar da ya fara aiki, da shaidar wanda ya danna amincewa da lokacin da ya danna. Idan ana ƙulla ciniki ta wayar ma'aikaci ta kansa, ranar da ya bar aiki hujjar ta bi shi. Goge saƙonni bayan an hango shari'a kuwa, a ƙasashe da yawa, yana ba alƙali damar ɗauka cewa abin da aka goge ba ya goyon bayan wanda ya goge. Wannan yana karo da umarnin dokar bayanai na kada a riƙe abu fiye da buƙata, shi ya sa kamfani ke buƙatar rubutacciyar ƙa'ida tun ana zaman lafiya: wane irin saƙo ake ajiyewa, na tsawon wane lokaci, da wanda ke da ikon dakatar da gogewa ranar da takardar lauya ta iso.